Samfurin Yaya Kallamu

Lili ta juya takalmin a hannunta, ta latsa bakinsa da babban yatsa, ta kai hanci ta shinshina fatar kamar mai sayen daddawa. Hajiya Mas'uda tana zaune a kan 'yar kujerar roba, jakar samfura a buɗe tsakanin ƙafafunta, tana hura ruwan zafin da aka miƙo mata a kofin takarda. Tun ƙarfe tara take hawa da sauka a benayen Zhanxi Lu, inda duk mai sarin takalma daga Kano yake ƙarar da kwanakinsa in ya zo Guangzhou. Wannan shago na hawa na uku shi ne wurin hutawarta. Shekara shida ke nan tana sari a hannun Lili, har sun kai matsayin da kowacce take kiran 'yar'uwarta sista, tana kuma cutarta cikin ladabi.

"Tsohon yayi ne," in ji Lili da guntun Turancin kasuwa. "Meyo."

"Ke komai meyo," Mas'uda ta ce. "Babu, babu, sai mutum ya miƙe zai tafi ki ce akwai. Na yayana ne, ba na sari ba. Ƙafa biyu kawai nake so, ki nemo mini."

Wari ɗaya ne, baƙin sau-ciki, irin na dattawan ƙauye da ba ya fita sai ranar Juma'a. Yaya Kallamu ne ya aiko mata da shi Kano kwana biyu kafin ta taso, a hannun direban motar garinsu, an cusa masa tsohuwar jarida don kada ya lotse. Ko dubawa ba ta yi ba. Haka ake yi. Duk mai tafiya Chana sai ya kwashi samfurin mutane, wannan murfin tukunya, wancan maɓallin riga, wata ƙyallen labule, kowa ya sakankance cewa in dai ka nuna wa ɗan Chana abu, zai shiga ciki ya fito maka da dubunsa. Ta jefa shi a akwati tare da sauran wari talatin masu ƙarafa da duwatsu, ta zuge.

Lili ta zura yatsu ta zaro jaridar don ta duba lambar da ke ciki. Wani ɗan ƙullin farar takarda ya biyo jaridar, ya faɗo kan gilashin teburin, ya warware. Abu biyu suka mirgino. Ɗaya ya tsaya nan take, ɗayan ya ci gaba da gangarawa a hankali yana wata siririyar ƙara, har sai da ya daki gefen kalkuleta.

Harsasai ne. Gajeru, masu ruwan tagulla, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Mas'uda ba ta buƙatar a gaya mata, don bara da ta je gida jaje ta ga yara suna wasa da kwansonsu a ƙofar masallaci.

Ruwan zafin ya zubo mata a cinya, ba ta ji ba. Lili ta kalli teburin, ta kalli Mas'uda, sannan idonta ya tafi can kusurwar silin inda 'yar kamara take ƙyafta jan haske. Ba ta yi ihu ba. Sai ta juya baya ta hau gyara kwalayen da ba su nemi gyara ba, tana ƙwala wa wata maƙwabciyarta magana da yarensu, muryarta sama fiye da kullum.

Mas'uda ta kife tafin hannu a kan na farko, ta sharo na biyu, ta haɗa da takardar ta ƙulle a haɓar mayafinta. Sai a karo na uku ƙullin ya kama.

"Sista," in ji Lili, ba ta juyo ba. "Go."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta bi lif ba, don akwai mai gadi a bakinsa. Ta tura ƙofar matakalar baya inda 'yan dako suke shan sigari, ta sauka hawa ɗaya, ta tsaya a inda babu kowa, ta kwance ƙullin ta zaro takardar. Rubutun ajami ne, hannun Yaya Kallamu, manyan baƙaƙe masu karkata kamar za su faɗi.

"Zuwa ga ƙanwata Mas'uda, bayan gaisuwa. Ga samfur guda biyu na 'yar ƙaramar bindigata ta aljihu. Mai dunƙulallen kai, an ce yana fasa mutum ya wuce, ina tsoron ya keta bango ya samu yara. Mai rami a kai, an ce yana tsayawa inda ya shiga, amma wani ya ce yakan maƙale wa ƙaramar bindiga. Ni ban sani ba. Ki nuna wa masu yin su, su zaɓa mini wanda ya fi, ki sawo. Kada ki gaya wa Sabuwa."

Sau biyu ta karanta. Da a Kano take da ta yi dariya har da hawaye, ta kira ƙawayenta ta ba su labari. A nan kuwa ba abin dariya ba ne. Abin nan ya kwana a akwatinta, ya bi ta filin jirgi uku, ya wuce gaban na'urori da karnuka da jami'ai, ita tana ta murmushi tana miƙa fasfo. Yau da safe ma da ba don nauyin jaka ya sa ta ɗauki tasi ba, da jirgin ƙarƙashin ƙasa za ta shiga kamar kullum, inda ba mai wucewa sai jakarsa ta bi ta cikin na'ura.

Kuma a ce wai Yaya Kallamu. Mutumin da ragon layyarsa ma sai ya kira liman ya yanka masa, shi ya tsaya gefe yana kallon katanga. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi yake goya ta a keke zuwa makarantar garin gaba, kuma ba ta taɓa jin ya ɗaga wa ko akuya murya ba. Daminar da ta wuce ne 'yan bindiga suka tare matarsa Sabuwa a hanyar gona, ta yi kwana goma sha tara a daji. Ta dawo da ranta, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige bayan randa. Mas'uda ta yi roƙo ta yi kuka a kan su dawo Kano, ga ɗakuna biyu a gidanta babu kowa. Ya ce ba zai bar gonar mahaifinsu ba. Ashe abin da ya je ya nemo ke nan.

Ta kira lambarsa. A kashe. Ta sake kira, ta sake, tana sane da cewa a gida yanzu ko asuba ba ta yi ba, kuma ko gari ya waye ba a samun sabis a ƙauyen sai an hau dutsen bayan gari. Ta yayyaga takardar ƙanana ƙanana ta cusa a jaka, ta maida ƙullin, ta sauka.

A waje zafi ya rufe ta, irin mai ɗankon nan na Guangzhou. Masu turin kaya suna ta ihu a ba su hanya, an jibga buhunan takalma sun fi tsayin mutum. Ƙafafunta suka ɗauke ta da kansu zuwa inda suka saba, sai da ta taka matakala ta biyu ta tashar jirgin ta hango na'urar a ƙasa, da 'yan mata biyu masu baƙaƙen kaya riƙe da sandar bincike. Ta yi turus. Wani mai sauri ya banke ta ta baya yana mita. Ta juya ta hau, tana jin idon ɗan sandan da ke tsaye a bakin rumfarsa a tsakiyar bayanta, ko da yake ba ta waiwaya ta tabbatar ba.

Mutum ɗaya ne ya faɗo mata a rai. Moussa, mutumin Maraɗi, mai ofishin aika kaya a unguwar Xiaobei, wanda duk kwantenarta ta hannunsa take bi. Shekararsa goma sha huɗu a garin, ya auri 'yar ƙasar, 'ya'yansa biyu suna makaranta da yaren.

"Malam Moussa, na shiga uku. Na samu wani abu a cikin samfur, irin abin da ake sa wa…"

"Hajiya, dakata." Muryarsa ta sauya. "Kada ki faɗi sunan komi a waya. Ina kike?"

Ta gaya masa. Ya ce ta tsallaka titi ta tsaya a ƙarƙashin gadar sama, kusa da mai sayar da masara, kada ta zauna, kada ta yi ta waige-waige. Minti ashirin da biyar ya ɗauka. A cikinsu motar 'yan sanda ta wuce sau biyu, ko kuma motoci biyu ne daban, ba ta sani ba. Ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta har da ta shiga banɗaki. Ƙullin da bai kai nauyin goro ba ya riƙa jan mayafinta ƙasa.

Da ya iso bai matso kusa kamar yadda ya saba ba. Ya tsaya taku biyu daga gare ta yana kallon titi, kamar mutum biyu da suke jiran mota ɗaya. Ta gaya masa a taƙaice, da murya ƙasa ƙasa.

"Bon," ya ce da Faransancinsu na Nijar. Ya ciro hankici ya share wuya. "Wa ya gani?"

"Lili."

"Kamara?"

"Tana nan a kusurwa."

"Innalillahi. Hajiya, ƙasar ga ko bindigar wasan yara in ta cika kama da ta gaske tana iya kai mutum gaban alƙali. Ke kuwa ta filin jirgi kika shigo da shi."

"Wallahi ban sani ba!"

"Ni na yarda. Da wane harshe za ki gaya musu? Ki ce yayanki ya aiko samfur? In sun tambaye ki samfurin me, na sayen me, sai ki ce me?"

Sai ta ce, "Ka jefa mini su a kwantena mana, su koma inda suka fito. Cikin kwalin takalmi ɗaya, wa zai gani?"

Moussa ya yi 'yar dariya da ba ta da daɗi. "Kayan mutum arba'in ne a ciki, kuma sunana ne a takarda. Wata mai zuwa nake sabunta izinin zamana. Pardon, Hajiya, ina ganin girmanki, amma ko ofishina kada ki kawo su."

Ta ji zafin maganar, ta kuma san gaskiya ya faɗa. Ta kai ido kan kwandon shara da ke gefensu, ya ga inda take kallo.

"A'a. Duba sama." Kamara uku ne a jikin ƙarfe ɗaya, kowacce da inda ta fuskanta. "Kuma sharar garin ga tsince ta ake yi da hannu. Tsohuwar da ke share layin nan za ta fara gani, ko ta kai rahoto, ko ita a fara kamawa. Abin da ya rage kuma wuta suke sa mishi."

"To in kai wa 'yan sanda da kaina. In ce ga shi, tsinta na yi a kayana."

"Wataƙila su amsa su ce sheshe, wato sun gode, ki tafi. Wataƙila su amshi fasfonki su rufe ƙofa. Ban taɓa ganin wanda ya gwada ba, kuma ba ni so ki zama ta farko. Otal ma kada ki koma da su, kin san yadda suke shigowa duba takardu ba sallama."

"To in haɗiye su ke nan?" "Ina da 'ya'ya huɗu, Malam Moussa. Autata jarrabawa take rubutawa. Na ce mata kwana goma zan yi."

Ya dube ta a karo na farko tun zuwansa. Sai ya taka zuwa wani ɗan shago, ya dawo da leda mai ɗauke da farin burodin nan nasu na turara guda uku, masu laushi, da sauran ɗuminsu. Ya miƙa mata da tsawon hannu.

"Ki bi titin ga miƙe, ki tsallaka manyan hanyoyi biyu. Akwai lambu mai tafki, Liuhua. Ba a bincike a ƙofa. Na sha ganin tsofaffinsu suna jefa wa kifi abinci." Ya gyara hularsa. "Ni ban ce miki komi ba, burodi na saya miki. In kin gama ki kira ni ki ce kaya sun sauka."

Ya tare tasi ya shige, bai waiwayo ba.

Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma Mas'uda ta san kowane taku. Ita da take ciniki da 'yan Chana har su riƙe kai, ita da 'yan Kantin Kwari suke cewa ba a yi mata wayo sau biyu, yau ga ta tana sunne kai don wani yaro ɗan sanda da bai kai ɗanta na fari ba ya dube ta a bakin danja. A ranta kuwa faɗa take shiryawa. Ta jera wa Yaya Kallamu magana tun daga gaisuwa har ƙarshe, ta goge ta sake jerawa da mai zafi. Shekara hamsin da takwas a duniya, a ce mutum bai san abin da ake sa wa ƙanwarsa a kaya ba? Yau kam sai ta ajiye girman nan gefe.

Lambun cike yake da tsofaffi. Wasu mata suna rawa a jere da mafici a hannu, wasu maza sun kewaye tebur suna buga karta, wani dattijo yana goga wani abu mai kukan goge. Ba wanda ya kula ta. Ta wuce su har wata 'yar gadar dutse da ta ratsa inda ruwan ya yi duhu, ta jingina da bangon gadar, ta buɗe ledar.

Ta fara gutsurar burodin tana jefawa haka nan, don ido ya saba da ita. Nan da nan kifaye suka taso, manya, ja da ruwan ɗorawa, suna buɗe baki suna hawan juna. Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta kwance ƙullin, ta tura na farko cikin tsokar burodin, ta mulmula a tafin hannu kamar curin fura. Ta yi bisimilla ta wurga can nesa da kifayen. Ya yi ɗan tsalle a ruwa ya nutse nan take, da sauri fiye da yadda burodi yake nutsewa. Ta mulmula na biyu.

Sai usur.

Ta daskare, hannunta a dunƙule. Wani mai gadi ne yake tahowa a kan gadar, gajere mai tumbi, da shuɗiyar riga da jan ƙyalle a damtse, rediyon hannu tana ƙara a ƙugunsa. Yana tafe yana kaɗa yatsa. Ya tsaya a gabanta ya zubo magana, ya ga ba ta fahimta, ya ciro waya ya yi magana a ciki ya juyo mata da ita. Muryar mace ta fito da Turanci a sanyaye, ta ce an hana ba kifi abinci a wannan wuri. Ya nuna mata wani allo da ta wuce ba ta gani ba, hoton hannu da kifi an ja musu jan layi.

"Sori," ta ce. "Sori, lawban." Wato maigida, kalmar girmamawar da ta sani ke nan a yarensu.

Ya miƙo hannu, ta ba shi ledar. Bai tafi ba. Ya nuna dunƙulallen hannunta, ya buɗe nasa tafin yana jira.

Mas'uda ba ta yi tunani ba, don da ta tsaya tunani da ba ta iya ba. Ta ɗaga hannun ta jefa curin a bakinta.

Mai gadin ya buɗe ido. Ta yi kamar tana tauna, tana gyaɗa kai, tana shafa ciki. Burodin ya narke ya manne a dasashi, ƙarfen ya daki haƙorinta na gefe har ta ji a kunne. Ta tura shi cikin kunci da harshe. Mutumin ya fashe da dariya, ya faɗi wani abu, ya dubi ledar da ke hannunsa, sai kuma ya miƙo mata abarta, da alamar tausayi ma. Ya sake magana a waya. Muryar macen ta tambaye ta daga wace ƙasa take.

Ta nuna bakinta, ta ɗaga hannu alamar a yi mata haƙuri. Ya gyaɗa kai da sauri, ya ga mace mai tarbiyya da ba ta magana da abinci a baki. Sai ya jingina da bangon gadar kusa da ita, ya hau latsa wayarsa, yana jira ta haɗiye.

Yawu ya taru mata. In ta haɗiye, tana tsoron ya bi. In ta buɗe baki, zai faɗo a gaban takalminsa. Wani ɗaci na tagulla da maiƙo ya cika mata baki, harshenta ya laluba kan abin ya ji ɗan ramin nan, wato wanda aka ce yana tsayawa inda ya shiga ne. Gumi ya gangaro ta bayan kunnenta. Ta ƙura wa ruwan ido tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a zuci, ta kai kan auta ta dawo farko.

Can wani saurayi ya shigo lambun a kan keke, abin da shi ma ashe an hana. Mai gadin ya zabura, ya cusa usur a baki ya bi shi da gudun masu tumbi. Mas'uda ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta sunkuya kan bangon gadar kamar mai tari, ta saki. Ko ƙara bai yi ba. Kifi biyu suka bi shi ƙasa, suka dawo ba komai.

Da ƙyar ta kai kan wani benci. Ta zauna ta ce alhamdulillahi ta fi sau ashirin. Ta kuskure baki da ruwan gora ta tofar a gindin bishiya, ɗacin bai tafi ba. Ta kira Moussa ta ce kaya sun sauka, ya sauke numfashi ya ce, "Allah shi kyauta gaba," ya kashe.

Tana nan zaune har rana ta karkata, wayar ta yi ƙara. Yaya Kallamu. Duk faɗan da ta shirya ya taso mata, ta ɗauka.

"Mas'uda? Na hau dutse na ga kira goma sha ɗaya. Lahiya dai?" Iska tana kaɗawa a bayan muryarsa.

"Yaya, na ga saƙonka."

"Madalla! To mi sunka ce? Wanne ya hi?"

"Yaya, ka san abin da ka…"

"Ɗaga murya, iska ta yi yawa. Ki yi haƙuri na matsa miki. Shekaranjiya 'yan bindigar nan sun shiga Gidan Ango, kin san nan bayan rafi. Sun aiko muna da saƙo, wai in an yanke gero suna tafe." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Shi ya sa nike so ki yi sauri. Ko kaɗan ne."

Ta buɗe baki, maganar da ta jera tun daga ƙarƙashin gada ba ko ɗaya da ta fito.

"Ba a sayar da shi a nan, Yaya," ta ce a hankali. "Ko 'yan ƙasar ba su da shi. Wanda aka gani da ko guda ɗaya, ɗaure shi ake yi."

"Ashe? Su da ke yin komi?" Tana jin kukan wata akuya can nesa. "To ba komi, Allah bai nufa ba. Ki dai adana mini nawa ki dawo da su. Biyar mutumin da ya sayar mini da bindigar ya ba ni, na ɗebi biyu na aiko miki."

Mas'uda ta kalli tafkin. Kifayen sun watse, ruwan ya kwanta kamar ba a taɓa jefa masa komai ba.

"Suna cikin ruwa, Yaya. Na jefar da su."

Ta ciro wayar daga kunne ta duba ko ta katse.

"Ke dai ba su taɓa ki ba?"

"Ba su taɓa ni ba."

"To alhamdulillahi. Ki yafe mini, ƙanwata, wallahi ban sani ba." Ya ja numfashi, sannan ya ce, ba da ita yake ba, "Saura uku ke nan."

Hawayen da ta riƙe tun daga shagon Lili suka zubo. "Yaya, don girman Allah ku taho Kano. Ka kwaso Sabuwa da yara yau ɗin nan. Ni zan turo mota."

"Bari dai a yanke gero." Muryarsa ta koma irin ta da, ta lokacin da yake lallashinta a bayan keke. "Daina kuka cikin mutane. Af, takalmin fa? In ba a samu irinsa ba ki riƙo mini warin, ɗan'uwan yana nan ƙarƙashin gado. Juma'a biyu ke nan da silifa nike zuwa masallaci."

Sai a lokacin ta tuna. Warin yana can kan teburin Lili, a hawa na uku, ƙarƙashin kamara. Ba ta san abin da Lili ta yi bayan fitarta ba, ko ta share gilashin ta ci gaba da ciniki, ko ta ɗaga waya. Ba ta san wa zai kasance zaune a kan 'yar kujerar robar nan in ta leƙa ba.

"Zan kawo maka," ta ce.

Sabis ya ɗauke. Ta zauna kaɗan da wayar a cinya, sannan ta share fuska da haɓar mayafin, inda ƙullin ya bar tamoji. Ta rataya jakar samfura, ta bar ledar burodin a kan bencin, ta fita ta ƙofar da ta shigo ta kama hanyar Zhanxi Lu tun ba a rufe shaguna ba.